Yadda za ka samo littattafan karantawa da na saurare kyauta ba tare da ka ci haƙƙin kowa ba

Yawancin masu neman littafi a waya hanya ɗaya suke bi: su rubuta sunansa a Google, su ƙara PDF a gaba, su danna duk abin da ya fara fitowa. Talla ta cika musu waya, data ta ƙare, littafin da suka samu kuma rabinsa babu. Na ga ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly) suna wannan wahala, har da malaman firamare, alhali akwai dubban littattafai da masu su suka saki da hannunsu, wasu kuma wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare.

Fara da zuwa laburare da ƙafarka, ko na makarantarku ko na jiha, ka nemi wanda ke kula da sashen kwamfuta. Kada ka ce masa kana son littattafai kawai, zai nuna maka kantar littattafai. Ce masa, "Malam, ina neman littafin lissafi na 'yan shekarar farko a jami'a, wanda aka yarda in buga in raba." Da ka faɗi haka ya san inda zai kai ka. Ka tafi da katin memori, domin idan akwai intanet a wurin, a nan za ka sauke komai.

Wuraren da zai nuna maka ba su da yawa. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da tsofaffin littattafai fiye da dubu 70. OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka littattafan darasi yake fitarwa, kimiyya da lissafi da tattalin arziki. Na yara da Hausa kuwa, African Storybook daga Afirka ta Kudu da StoryWeaver daga Indiya, ka zaɓi Hausa a wurin zaɓen harshe. Na saurare, LibriVox, inda tun 2005 'yan sa kai ke karanta tsofaffin littattafai ana ɗauka.

Inda kowa ke faɗuwa shi ne lasisi, wato izinin da mai littafi ya bayar. Littafi ya sauka a wayarka ba ka biya ko kwabo ba, wannan bai mayar da shi naka ba. Littattafan marubutanmu da ke yawo a guruf ɗin WhatsApp, yawancin masu su suna raye, da su suke ci da iyali, kuma ba su ce a raba ba. Saboda haka kafin ka sauke, buɗe shafin farko ko na ƙarshe ka nemi alamar Creative Commons, wato CC da wasu haruffa a gabanta. BY na nufin ka kwafa, ka raba, ka fassara, har ka sayar, amma ka ambaci sunan marubucin da mai zanen. SA, idan ka sauya wani abu, ka saki naka da irin lasisin da ka tarar. NC, ban da kasuwanci. Malamin da ya buga labari ya raba wa 'yan ajinsa ya tsira, mai shagon fotokwafi da ya jera shi yana sayarwa da riba ya taka doka. ND ita ce ta fi kama mutanenmu, domin ta hana a sauya littafin a raba, kuma fassara sauyi ce. Mutum zai zauna ya juya littafi guda zuwa Hausa, sai da ya gama ya gane ba shi da ikon fitar da shi. CC0 kuwa mai shi ya yafe gaba ɗaya. Idan ba ka ga wata alama ba sam, ɗauka cewa ba a ba ka izini ba.

Akwai wani tarko kuma. Gutenberg da LibriVox dokar Amurka suke bi, inda tsohon littafi ke fita daga haƙƙin mallaka shekara 95 bayan buga shi. Dokar Najeriya ta 2022 shekara 70 take ƙirgawa daga rasuwar marubucin. Wanda ya buga littafi a 1925 ya rasu a 1970, a can an sake shi, a nan da saura. Idan bugawa za ka yi ka raba, duba shekarar da ya rasu tukuna. Open Library na Internet Archive shi ma a kula, yawancin sababbin littattafan da ke ciki aro ake ba ka na ɗan lokaci, ba a mallaka maka ba.

Wajen saukewa, ni ban yarda da PDF a waya ba sai littafin darasi mai zane da lissafi. Ɗauki EPUB, wani nau'in fayil na littafi da rubutunsa ke daidaita da fuskar waya, kuma wanda ba hotuna sau da yawa bai kai megabait 1 ba. Manhajar ReadEra ta isa ta buɗe shi. Na saurare ne ke cin data: awa ɗaya ta LibriVox kusan megabait 30 ce, littafin awa 10 ya doshi 300. Kada ka saurara kai tsaye daga intanet. Sauke babi na farko ka ji muryar mai karatun, wasu ba sa sauraruwa, sannan ka kwashe sauran da intanet ɗin laburare.

Na Hausa da murya sun yi ƙaranci, LibriVox yawanci Turanci ne. Ɗauki labarin yara mai alamar BY, ka karanta da kanka ka ɗauka a waya, ka faɗi sunan marubucin da lasisin a farko. Sauran aikin mai sauƙi ne: ware folda ɗaya ta karatu, ɗaya ta saurare, ka tura wa abokai ta Xender, kuma kada ka cire shafin lasisi wai don rage kuɗin bugawa.