Ku daina kashe fulawa a lungun falo kuna cewa ba ku da hannun shuka

Wallahi na gaji. Satin nan kaɗai mutum uku suka turo min hoton shukarsu ta yi yaushi, ganye ya koma ruwan ɗorawa, kuma tambayar ɗaya ce, "Anti wane taki zan sa mata?" Ƙanwata, shukar nan ba yunwar taki take ji ba. Ina kallon hoton na ga inda kika ajiye ta, can gefen talabijin, windo na nesa, ga labule mai ninki biyu a sake, ɗakin da ke kanki sai kin kunna wuta da rana tsaka kafin ki zura zare a allura.

Ni ma nan na fara, shi ya sa abin ke min zafi. Lokacin da muka tare a Unguwar Dosa na kwashi kuɗin adashe na je wajen masu fulawa na bakin titi na sayi kuroton tukwane uku, mai ganyen nan ja da rawaya da kore kamar atamfa. Na ce Baba za ta yi a falo? Ya ce "Hajiya wannan ai ko ina kika ajiye ta za ta yi." Ban ce ƙarya ya yi da gangan ba, shi a ƙarƙashin bishiya yake rainonsu, a wajensa wannan ita ce inuwa. To inuwar waje daban, duhun ɗaki daban. Masu auna haske suna lissafi da laks, kuma akwai manhajar waya da ke gwadawa: rana tsaka a fili tana kai 100,000, inuwar bishiya tana iya wuce 10,000, amma tsakiyar falo da ƙyar ki samu 200 ko 300. Idonmu ne ke ruɗarmu don yana saurin sabawa da duhu, ganye kuwa ba ruwansa, da haske yake haɗa abincinsa, in babu to babu.

Na jera su a lungu inda suka dace da kalar kujeru. Sati biyu sabon ganye ya fara fitowa kore zalla, ba ja ba rawaya, sai na ƙasa suka fara zubewa ɗaya-ɗaya, ni kuma uwar tausayi na ce ƙishirwa ce, na dinga ɗura musu ruwa safe da yamma. Nan ne na ƙarasa su. Shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai, ƙasar sai ta zauna jagab kwana da kwanaki, iska ba ta kai wa saiwa, saiwar ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya langaɓe kamar mai ƙishirwa, ke kuma ki ƙara ruwa. Ranar da na zazzage tukunya ɗaya a tsakar gida warin da ya buso kamar na kwata, saiwar ta yi baƙi tana saluɓewa a hannu kamar dafaffiyar taliya. Duka ukun suka tafi.

Tun daga nan ba na shayarwa da kalanda. Yatsa nake cusawa a ƙasar har gaɓa ta biyu, in na ji damshi in wuce abina, in ta bushe in zuba sosai har ya fito ta ƙasa sannan in zubar da na cikin farantin da ke ƙarƙashin tukunyar. Wata takan yi kwana huɗu, wata sati biyu, a damina ma har fiye. Wasu suna cewa duk Juma'a, su suka sani.

Maganar windo kuma dan Allah ku rage kwafar abin da Turawa ke faɗa a YouTube. Za ku ji suna cewa windon kudu shi ne mai rana, na arewa ba ya ganin rana sam. A Ingila kusan haka ne. Mu Kaduna muna wajen digiri 10 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta ɓangaren arewa take ratsawa, sai sauran watanni ta karkata kudu, musamman da hunturu. Kuma da tsakar rana a saman kai take, bakin kwano ya tare ta. Abin da ya fi damunmu gabas da yamma ne. In ba ki san ina ne gabas a ɗakinki ba ai kin san inda kike kallo in za ki yi salla, kusan nan ne. Windon gabas yana ba da ranar hantsi mai sauƙi, kusan kowace shuka na son shi. Na yamma yana kwaso ranar la'asar, a watan Maris da Afrilu wuta ce, wannan sai kaktus mai ƙayar nan da alobera da kuroton ɗin da ya saba.

Gwajin da nake yi ba ya cin ko sisi. Da hantsi ko azahar ki sa farar takarda a inda kike son ajiye tukunyar, ki ɗaga hannu sama da ita kamar taƙi ɗaya. In inuwar yatsu ta fito raɗau, haske ya wadata. In ta fito dishi-dishi, ki kawo moni filant mai yaɗo ko fis lili mai farin fure. In babu inuwar kwata-kwata to ki sayi ta roba ki huta, ba abin kunya ba ne. Ko moda, wadda masu fulawa ke ce wa sinek filant, da wata mai suna ZZ da asalinta daga gabashin Afirka ne, da ake ta yabon suna jure duhu, jurewa suke kawai, ba girma suke ba.

Kuskure na biyu da ya ci min kuɗi shi ne gyaran gangar auzinawa. Bayan na gane haske ne matsala sai na zaƙe, wata Asabar cikin Maris na kwashe duk abin da ke falo na jera a tsakar gida kan siminti wai su sha rana, na tafi biki Tudun Wada. Na dawo bayan la'asar fis lili ta kwanta, ganyen ya yi fari-fari kamar an goga masa dutsen guga, washegari wuraren suka koma ruwan ƙasa suna ƙaras-ƙaras. Ganyen da ya girma a ɗaki bai san rana ba, kuma wanda ya ƙone ya ƙone ke nan, sai dai a yanke a jira sabo. Har alobera da kuke ganin 'yar rana ce, in ta daɗe a ɗaki kika fitar da ita farat ɗaya sai ta yi ja ta ƙanƙance. Yanzu baranda nake fara kai su, cikin inuwa, kwana huɗu ko biyar, sannan ranar safe ta awa ɗaya, a hankali har sati biyu. Mai gaggawa ta bar shuka ta kama kiwon kaji.

Sauran ƙanana ne amma suna kisa. Tukunyar da ba ta da huji a ƙasa komai kyanta a huda ta ko a zura wata mai huji a ciki. Jar ƙasar nan tamu in ta bushe bulo take zama, ni ina haɗa ta da yashi da takin shanu da ya ruɓe sosai da ɗan dakakken gawayi, ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake. Kar a sa shuka a saitin esi. Ƙurar hunturu tana rufe ganye ta tare ɗan hasken da ake samu, tsumma mai damshi duk sati ya isa, masu shafa man gyaɗa ko madara wai ya yi ƙyalli ku ji tsoron Allah, ƙura kuke kira. A dinga juya tukunya in ba haka ba za ta karkace wajen windo kamar mai leƙen maƙwabta. In kin ga kara ya yi tsawo siriri, ganye nesa da juna, haske take nema, taki ba zai gyara ba. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga ina goge shi da ruwan sabulu.

Mai yara ƙanana kuma ta kula da difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari a tsakiya, in yaro ya tauna baki da harshe suna kumbura, moni filant ma haka take da ƙaiƙayi. Tawa na kai ta can saman kanta kusa da windon gabas tun ranar da na kama autana ya tsinko ganye zai kai baki.