Darasi Na 9: Ciwon Ƙirji, Wanda Zai Jira Da Wanda Ba Zai Jira Ba

A ajinmu na dare a Agege akwai wani dattijo mahauci da yake aiki a mayankar Oko-Oba. Ba ya fashin aji, kuma kullum a bencin gaba yake zama. Wata rana ya shigo a makare. Ya zauna yana haki, ya dunƙule hannun dama ya ɗora a tsakiyar ƙirjinsa. Gumi ya jiƙa bakin hularsa, alhali ranar an yi ruwa, garin da sanyi.

Na ce, "Baba, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Olsa ce ta motsa. Na sha madara, yanzu za ta kwanta."

Na tambaye shi yaushe take motsawa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce duk lokacin da ya hau gadar masu tafiya a ƙafa, ko ya ɗauki cinyar sa a kafaɗa. Idan ya tsaya ya huta, sai ta sake shi. Mako 3 ke nan yana sayen maganin olsa a kemis. A daren muka bar karatu, ni da babban ɗansa muka kai shi asibiti. Da aka auna jininsa, ya hau ƙwarai. Da aka gwada zuciyarsa, sai ga shi jini ba ya isar ta. Ba olsa ba ce. Yau yana nan da ransa, yana shan magani safe da yamma, kuma ya bar wa yara ɗaukar nama.

Saboda shi na rubuta wannan darasi. Mu Hausawan Ikko mun saba duk abin da ya taɓa ƙirji mu ce olsa, ko iska, ko gajiya. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma ranar da ba haka ba, wannan suna da muka laƙaba wa ciwon shi yake hana mu tafiya asibiti da wuri.

Me ke cikin ƙirji?

Ɗora tafin hannunka a ƙirjinka. A ƙarƙashin fata akwai tsoka da ƙasusuwan haƙarƙari. A ciki akwai huhu biyu, dama da hagu. Tsakaninsu zuciya take, girmanta kamar dunƙulen hannunka. A bayanta akwai bututun da abinci ke bi ya sauka ciki. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya ciwo, kuma duk a wuri guda za ka ji shi. Shi ya sa mai kemis ba zai iya duban fuskarka ya san wanne ne ba.

Zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan babban mutum yana hutawa. Ita ke tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da suke ciyar da ita. Ka san bututun famfo idan ya tsufa, tsatsa ta taru a ciki, ruwa ya koma ɗigo-ɗigo. Haka kitse yake taruwa a cikin waɗannan jijiyoyi shekara da shekaru. Idan mutum yana zaune, ɗan jinin da yake wucewa ya ishe ta. Da ya hau bene ko ya ɗauki kaya, zuciya ta nemi ƙari ba ta samu ba, sai ƙirji ya riƙe. Wannan shi ne abin da ya sami Baba. Gargaɗi ne. Ranar da gudan jini ya zo ya toshe hanyar gaba ɗaya, wani ɓangare na naman zuciya yakan fara mutuwa. Shi ake kira bugun zuciya, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa.

Ciwon da ba ya jira

Ciwon zuciya ba kasafai yake zuwa kamar sukar allura ba. Waɗanda ya taɓa kamawa sukan ce, "Kamar an ɗora mini buhun shinkafa," ko "Kamar an ɗaure ni da igiya ana ja." Idan ka ce su nuna wurin, ba sa nunawa da yatsa ɗaya, da hannu duka suke dafewa. Yakan miƙe zuwa hannun hagu, ko hannu biyu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu ta baya. Yakan zo da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, da jiri, da numfashi sama-sama. Idan irin wannan ya kai minti 5 bai saki ba, ko yana tafiya yana dawowa, magana ta ƙare, sai asibiti.

A kula da mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga. Su wani lokaci ƙirjin ma ba ya ciwo sosai. Sai dai kasala ta rufe mutum farat ɗaya, ko ya kasa numfashi, ko ya ji zafi a saman ciki ya ɗauka abincin da ya ci ne.

Ga abin yi. A zaunar da shi ya jingina, a sassauta masa wuyan riga da mazagin wando. A kira 112 ko 767. Lambobin gaggawa ne na Jihar Legas, kuma kiran kyauta ne ko babu kati a waya. Idan akwai asfirin a kusa, a ba shi miligiram 300 ya tauna, kada ya haɗiye da ruwa kawai. Idan ƙananan ne masu 75, guda 4 ke nan. Amma kada a ba wanda asfirin ba ya karɓar jikinsa, ko wanda yake aman jini ko baƙin kashi, ko ƙaramin yaro. Kada ya tuƙa mota, kada ya hau babur shi kaɗai, kada a ce ya daure ya taka zuwa bakin titi.

Kowa ya san cunkoson Legas. Idan motar asibiti za ta daɗe, a nemi mota a kai shi babban asibiti mafi kusa, ba wanda aka saba zuwa ba idan yana da nisa. Na Idi-Araba suna da asibitin koyarwa na LUTH a unguwarsu. Akwai LASUTH a Ikeja, akwai Babban Asibitin Gbagada, akwai Babban Asibitin Orile-Agege. Yanzu da kake lafiya ya kamata ka san wanda ya fi kusa da ɗakinka da wanda ya fi kusa da wurin sana'arka. Addu'a kuwa a yi ta a hanya, cikin mota. Abin da yake ci mini rai shi ne a tara mutane a kan marar lafiya awa biyu, wannan na fifita, wancan na jiƙa kanwa, wani na cewa a bari gari ya waye.

Idan ya faɗi, ba ya amsa kira, kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, ka riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti. Idan ka gaji wani ya karɓa. Kada a zuba masa ruwa a baki.

A gaban likita

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana da na'urori, amma rabin aikinsa daga bakinka yake fitowa. Zai so ya ji a ina ciwon yake, yaushe ya fara, da me ya yi kama, me yake tayar da shi, me yake kwantar da shi. Yawancin likitocin Legas ba sa jin Hausa. Idan Turancinka ko Yarabancinka bai nuna ba, tafi da wanda zai yi maka tafinta, kuma ka roƙe shi ya faɗi abin da ka faɗa, kada ya taƙaita ya ce "jikinsa ne ba daɗi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi duk abin da kake sha: sigari, shisha, tiramadol, jiƙo, maganin gajiya. Na san akwai nauyi, amma maganin ƙarfin maza ma sai an faɗa. Akwai wata ƙwaya da ake sa wa mai ciwon zuciya a ƙarƙashin harshe don ta buɗe jijiyoyi, idan ta haɗu da irin wancan magani jini yana iya faɗuwa ƙasa warwas, har a rasa rai.

Za a auna jini. Za a manna maka wasu ƙananan wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zana yadda zuciyarka take bugawa a takarda. Sunan gwajin ECG. Ba ya zafi, ba ya jan mutum kamar lantarki, kuma 'yan mintoci ne. Za a ɗebi jini a nemi wani sinadari da zuciya take zubarwa idan ta ji rauni. Wannan sinadari ba ya bayyana nan take, shi ya sa akan sake ɗiba bayan wasu sa'o'i. Mutanenmu da yawa a nan suke fushi su tafi gida, suna cewa an ajiye su ba a yi musu komai ba. Jiran nan yana cikin gwajin. Wataƙila kuma a ɗauki hoton ƙirji, ko a duba zuciya da irin na'urar da ake duba masu ciki.

Idan jijiya ce ta toshe, akwai allurar da take narkar da gudan jini. A wasu manyan asibitoci kuma ana zura siririn bututu ta hannu ko ta matsematsi, a buɗe wurin, a sa masa 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. Duka biyun sun fi amfani a sa'o'in farko.

Sauran masu kawo ciwon ƙirji

Ƙwannafi yana cikin waɗanda suka fi yawa. Zafi ne kamar wuta, yana tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, da ɗaci ko tsami a baki. Yakan zo bayan abinci mai yaji ko mai maiƙo, musamman ga wanda ya ci ya kwanta nan take, kamar masu tashi daga kasuwa da dare. A rage yawan ci a zama ɗaya, a bar awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya, a ɗaga wajen kai. Olsa ta gaskiya kuwa gyambo ne a cikin ciki. Yawanci wata ƙwayar cuta ce take kawo ta, ko yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda 'yan dako da 'yan garuwa suke sha kamar gyaɗa. Ana gwada ƙwayar cutar, kuma maganin kamar mako 2 yakan kashe ta. Madara da kanwa ba sa warkar da gyambo.

Wanda ya yini yana sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, tsokar ƙirjinsa tana iya ciwo. Alamarta ita ce wurin yana da iyaka, idan ka danna ko ka juya jiki sai ya ƙaru. Hutu da farasitamol sukan isa.

Huhu kuma nasa daban ne: yana suka idan an ja numfashi ko an yi tari. In da zazzaɓi da majina, wataƙila namoniya ce, tana son maganin asibiti. Tarin da ya kai mako 2, da rama, da gumin dare, ko jini a kaki, a je a gwada tibi, wato tarin fuka. Gwajin kaki da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wata 6 ake sha ba tsallake. Inda mutum 8 ko 10 suke kwana a shago ɗaya, idan ɗaya ya kamu sauran ma su je a duba su.

Akwai wani da ya shafe mu matafiya. Mutum ya taso daga Kano ko Sakkwato, ya kwana ya yini a takure cikin mota. Bayan ya sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, sai kuma kwatsam ƙirji ya soke, numfashi ya gagara. Gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Wannan gaggawa ce daidai da bugun zuciya. Haka mai sikila idan ya yi ciwon ƙirji da zazzaɓi, kada a tsaya jinya a gida. Haka mai jego da take haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Likitoci a Zariya da Kano sun daɗe suna ganin raunin zuciya bayan haihuwa a tsakanin matanmu, kuma suna jan kunne a kan yawan kunun kanwa. Idan kuma mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da nauyin ƙirji, wataƙila hayaƙin janareta ne, a fita waje nan da nan.

Fargaba da damuwa ma suna riƙe ƙirji, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Ciwo ne na gaske, kuma yana da magani. Sai dai likita ne zai faɗi haka bayan ya gwada, ba maƙwabci ba.

Hawan jini shi ne babban mai share wa ciwon zuciya hanya, kuma ba ya sallama. Idan awo ya kai 140/90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to akwai shi. Gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya, giram 5, har da wanda yake cikin dunƙulen miya da yajin tsire. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai shan sigari ya nemi hanyar rabuwa da ita.

Aikin gida

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka kwafe su sau 3 a littafinka: ƙirji, zuciya, huhu, jijiya, ƙwannafi, gaggawa. Lura da ƙugiyar da take kan ƙ.

Sannan ka sami ɗan kwali daidai aljihu. Rubuta sunanka da shekarunka, da lambar wayar wanda za a kira, da sunayen magungunan da kake sha, ka kwafo su daga jikin kwalinsu harafi-harafi. A ƙasa ka rubuta 112 da 767 da manyan lambobi. Cikin makon nan ka je a auna jininka, ka rubuta lambobin biyu da kwanan wata a bayan kwalin. Ka zo da shi aji ranar Litinin, za mu karanta na kowa tare.