Kafin ku kama ɗaki a otal a Abuja

Jama'a, in tafiyar hutu ce, ku bari sai Juma'a ko Asabar, kuma ku kira otal ɗin kai tsaye ku nemi ragi.

Abuja garin aiki ne. Da an sauko Juma'a, 'yan taro da masu bin kwangila sun watse. Gara masu otal su rage muku da ɗaki ya kwana a kulle.

Ku tambaya tun a waya: kuɗin ya haɗa da karin kumallo? Da harajin VAT na kashi 7.5? In bai haɗa ba, shayi da ƙwai kawai sai su cinye kuɗin tuwon rana a Wuse.



Dabarar ba ta ci idan ana babban biki ko taron jam'iyya a gari.