Aikin kula da mutane a gidajensu a Ingila: ga 'yan'uwanmu na Gombe da Bauchi

Tun watan Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi da masu lalura, mutanenmu daga Gombe, Kumo, Azare da cikin garin Bauchi suka shiga aikin, kuma sun fitar da mu kunya. Wanda ya tashi a gidan da ake wa kaka wanka, a dama mata kunu, a zauna hira da ita, ba sai an koya masa haƙuri da tsoho ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ramin da na farkonmu suka faɗa, shi ne dai na baya ke ta faɗawa, don ba a tambaya sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Asusun banki, layin waya da rajista da likitan unguwa ba su da wuya, duk wanda ya riga ka zuwa zai nuna maka.

Fara da haruffa uku: CQC. Ita ce hukumar da ke sa ido kan ingancin asibitoci da kamfanonin kula da manya a Ingila tun 2009. Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tata hukumar. Duk kamfanin da ke tura ma'aikaci ya yi wa mutum wanka, ya sa masa kaya, ya kai shi banɗaki, dole ya kasance da rajista da ita. Rubuta sunan kamfaninka a shafinta na intanet, kyauta ne. Za ka ga sunan manajan da aka yi wa rajista, da rahoton bincike, da matsayin da aka ba su cikin huɗu: tauraro ga mafi inganci, kore ga mai kyau, ruwan ɗorawa ga wanda sai ya gyara, ja ga wanda ya gaza. Karanta rahoton kansa, musamman abin da ya ce kan kare lafiyar mutane da kan shugabanci. In sabon kamfani ne da ba a taɓa bincika ba, tambayi tsofaffin ma'aikatansa mutum nawa suke kula da su a zahiri.

Yanzu takardu, inda hawaye ya fi zuba. Daga 11 ga Maris 2024, kamfanin da ba shi da rajista da CQC ba zai ɗauki nauyin bizar mai wannan aiki a Ingila ba, kuma sabon mai nema ba zai taho da mata ko miji ko 'ya'ya ba. Daga 22 ga Yulin 2025 kuwa an rufe ɗauko masu wannan aiki daga ƙasashen waje baki ɗaya, sai waɗanda ke cikin ƙasar. Don Allah ku isar da wannan gida. Duk wanda ya zo wa ƙaninka a Gombe yau da cewa yana da takardar ɗaukar nauyi, wadda ake kira COS, ta aikin kula da tsofaffi, a kawo miliyoyi, ƙarya yake sayarwa. Kada a sayar da filin Tumfure ko shanun gado saboda shi. COS ba kayan kasuwa ba ce, kamfani ne ke biyan kuɗinta, kuma doka ta hana masu samar da aiki a Birtaniya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki.

Ga yadda abin ke lalacewa ga waɗanda suka riga suka shigo. Kamfani ya ɗauko mutum hamsin alhali tsofaffin da ke hannunsa ba su wuce aikin mutum goma ba. A takarda an yi maka alkawarin cikakken mako, a ƙasa kuwa awa goma kake samu. Ma'aikatar Cikin Gida tana iya duba abin da ake biyan ka ta bayanan haraji, in bai dace da abin da ke kan COS ba, sai ta ƙwace lasisin da ta ba kamfanin na ɗaukar nauyin biza. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an soke lasisi fiye da 470 a wannan fanni, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000. In ya faɗa kanka, za a rage bizarka zuwa kwana 60: ko ka sami wani kamfani mai lasisi ya ba ka sabuwar COS, ko ka bar ƙasar. Sanarwar tana zuwa ne ta imel ko adireshin da ke cikin bayananka, kuma da yawa daga cikinmu imel ɗin ejan ne a wurin, sai kwanaki su yi ta tafiya mutum bai sani ba. Shiga asusun bizarka yau ka mayar da imel da lambar waya naka. Kada ka jira wasiƙa, ranar da ka ga awanni sun fara ja da baya ka fara neman wani wuri. Akwai cibiyoyin yanki da gwamnati ta tanada don haɗa irin waɗannan ma'aikata da sababbin kamfanoni, ƙaramar hukumar garinku za ta nuna maka taku.

Wata dabarar kuma, a tura maka cikakken albashi ta banki, sannan a ce ka ciro wani kaso ka mayar a hannu. Kada ka yarda, ko da mai kamfanin ɗan gida ne, ko sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. Fasfonka ya zauna a hannunka. Adana kwantiraginka da kowace takardar albashi, ka ɗauki hoton jadawalin aiki duk mako. An yarda ka yi ƙarin aiki na awa 20 a mako a wani wurin, muddin kana kan aikinka na asali. Wuce haka karya sharaɗin biza ne. Ka shiga ƙungiyar ƙwadago, irin Unison, tun kana zaune lafiya, domin ba kasafai suke ɗaukar rigimar da ta riga rajistarka ba.

Lissafa albashinka da kanka. Lokacin tafiya daga gida zuwa gida aiki ne a idon doka. Ka ziyarci gida 10, kowanne minti 30, awa 5 ke nan, a kan fam 13 a awa ka sami fam 65. Amma in akwai tafiyar minti 15 tsakanin kowane gida biyu, ka yi awa 7 da kwata, wato ƙasa da fam 9 a awa, alhali mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama ya riga ya kai fam 12.21 a Afrilun 2025.

Aikin iri biyu ne. Akwai zagayen gidaje na minti 30 ko 45. Akwai kuma inda masu lalurar ƙwaƙwalwa ko jinkirin fahimta ke zaune a gidan haya da sunansu, ku kuna shiga ku taimaka. Nan ne sababbi ke tuntuɓe. Gidan nasa ne, ba na kamfani ba. Sai ka ƙwanƙwasa. Ba ka kulle masa kicin, ba ka karɓe masa waya don yana dare da ita. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauka kowane baligi yana iya yanke wa kansa shawara sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da kake gani wauta ne bai zama hujja ba. A gida in Baba ya ƙi magani a kan lallaɓa, a matsa, wani lokaci a niƙa a zuba cikin fura, kuma ƙauna ce. A can ɓoye magani cikin abinci ba tare da rubutaccen izini ba cin zarafi ne. Ka lallashe shi, ka ɗan jira, ka sake gwadawa. In ya ƙi, ka rubuta ya ƙi, ka kira ofis.

Takardar magani, MAR, ba a sa mata hannu sai ka ga an haɗiye. Kada ka ba kowa Panadol ɗin jakarka. In tsarin kula da mutum ya ce mutum biyu ne ke amfani da na'urar ɗagawa, abokin aikinka bai iso ba, ka jira ko da za ka makara. Ka tarar da tsohuwa a ƙasa, kada tausayi ya sa ka ɗago ta, ƙashin ƙugu yana iya karyewa ba a gani ba. Rufa ta da bargo, ka kira lambar gaggawa 999 in ta bugu a kai ko tana jin zafi, sannan ofis. Wanda aka ce a kaurara masa abin sha, ruwa zalla yana iya sarƙe shi ya bi ta huhu.

Manhajar waya da ake dannawa wajen shiga da fita gidan da ka ziyarta tana nuna lokaci da wuri, kada ka danna daga cikin mota. Abin da ba ka rubuta ba, a wurin mai bincike ba a yi shi ba. Ka ga rauni ko shatin hannu a jikin mutum, rubuta wuri da girma da lokaci, ka sanar da manaja a ranar. In aka yi shiru, sashen kare manya na ƙaramar hukuma da CQC duk suna karɓar rahoton ma'aikaci, kuma doka ta kare mai fallasa. Kyautar kuɗi daga tsoho, ko hotonsa a WhatsApp, suna iya jawo kora har a kai sunanka DBS, hukumar da ke riƙe da jerin waɗanda aka haramta wa wannan aiki.

Maganar addini ku yi ta tun ranar ganawar ɗaukar aiki. Za a iya tura ki wanke namiji, za ka shiga gida mai kare, wata za ta ce ka soya mata naman alade da safe. Abin da ba za ka iya ba ka faɗa wa manaja tun kafin a tsara jadawali, haka ma Juma'a da ranakun Sallah, ka nema a rubuce da makonni. Juyawa daga bakin ƙofa kuwa yana nufin tsohuwar da ke ciki ba ta sha maganin safe ba, ba a kuma tashe ta daga gado ba har azahar.