Darasi na 7: Ƙwayar Cutar da ke Amayar da Magani

Mutum yakan sayi kafso ja da yalo a kemis, ya sha, ciwo ya ƙi tafiya, sai ya ce jabu aka sayar masa. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, ƙwayar cutar ce ta daina jin sa.

Wannan ƙwayar cuta, wato bakteriya, ƙanƙanuwar halitta ce, ido ba ya ganin ta sai da madubin asibiti. Kafin wannan kafson ya yi mata illa, sai ya ratsa jikinta ya taru a ciki. To, wasunsu suna da ɗan famfo a bangon jikinsu. Ku dubi masunci a madatsar Dadin Kowa: ruwa na shiga kwalekwale, shi kuma yana kwarfewa, shi ya sa ba ya nutsewa. Haka ƙwayar take yi da magani. A shekarar 1980 ne Stuart Levy da abokan aikinsa a Amurka suka gano haka a jikin ƙwayar E. coli. Abin tashin hankalin shi ne famfo ɗaya yakan fitar da magunguna iri-iri, har da waɗanda majinyaci bai taɓa sha ba.

Ta yaya masana suke ganewa? Sukan ba ƙwayar wani rini mai ƙyalli. Idan famfonta na aiki sai ta turo rinin waje, ƙyallin ya dushe. Da zarar an toshe famfon da wani sinadari, sai ta haskaka.

Gwajin da ya fi shafar mu shi ne na asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ana shuka ƙwayar daga fitsari ko jini a faranti, a ɗora 'yan takardu masu ɗauke da magunguna, a bar su su kwana cikin ɗumi irin na jikin mutum. Takardar da kewayenta ya yi fes, maganinta na ci. Sakamako yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma jiran ya fi shan magani da ka.

A 2019 kaɗai, ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Don Allah kada ku sha kafso don mura, ba ya mata komai. Kada a ba yaro ragowar na babansa.

Aiki: ku zo da kwalin wani magani daga gida, mu karanta sunansa da ranar lalacewarsa tare.