Yadda za ka tantance katun ɗin Rambo da ire-irensa kafin ka miƙa wa yaro waya

Idan ka je wajen masu tura fina-finai a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi domin a zuba wa yara katun a memori, ka karanta sunayen da aka tura maka tun kana tsaye a shagon, domin akwai katun da tushensu fina-finan manya ne. Fim ɗin Rambo na farko, wanda Sylvester Stallone ya fito a ciki, an sake shi a 1982 ɗauke da alamar R, wadda a Amurka take nufin ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallo sai tare da babba. A 1986 aka mayar da shi katun mai kashi 65. Haka RoboCop na 1987 ya zama katun a 1988, Conan kuma a 1992.

Da ka koma gida, ka kalli kashi ɗaya ko biyu kai kaɗai. Za ka tarar an kawar da jinin: a katun ɗin RoboCop haske bindigogi suke fitarwa a maimakon harsashi, shi kuwa Rambo, tsohon sojan da yaƙin Biyetnam ya bar wa tabo a zuciya, ya koma jarumin da ke harbi ba a ganin gawa. Kasuwar kayan wasan yara ce ta jawo yawancinsu, shi ya sa aka sassauta.

A ganina katun ɗin ba shi ne abin tsoro ba, sunan ne. Yaron da ya saba da RoboCop na katun, ranar da ya rubuta sunan a YouTube ko ya faɗa wa mai shago, fim ɗin manya zai iya faɗo masa, wanda tun daga farkonsa ake ragargaza ɗan sanda da harsasai a fili. Don haka ka buɗe kowane fayil ka tabbatar zane ne, ka goge wanda mutane na gaske suka fito a ciki, kuma ka gaya wa mai shagon cewa kada ya tura wa yaronka komai da waɗannan sunaye sai kana wurin.

Idan yaron ya kai shekara takwas ko tara, ka sanar da shi da bakinka cewa akwai wani Rambo na manya da ba a yarje masa ba tukuna, domin ko ba ka faɗa ba zai ji labarinsa wajen abokai a Islamiyya. A wayar da yake riƙewa kuma ka sa masa YouTube Kids, ka shiga saitin iyaye ka kashe wurin bincike.