Kurakuran da baƙi suka fi yi a Wayanad da yadda za a kauce musu

Daga cikin mutanenmu da ke zuwa kudancin Indiya domin karatu ko neman lafiya, musamman waɗanda suka zauna a Bangalor ko Maisur, da wuya a sami wanda bai ji sunan Wayanad daga bakin abokan karatu ko masu masauki ba. Gunduma ce a arewa maso gabashin jihar Kerala, a kan jerin tsaunukan Ghat na Yamma, inda jihar ta yi iyaka da Karnataka da Tamil Nadu, kuma an kafa ta a ranar 1 ga Nuwamba, 1980. Ƙasa ce kore shar, mai gonakin kofi da ganyen shayi da masoro da citta da ayaba, ga fadamun shinkafa waɗanda daga gare su ne ake cewa sunan ya samo asali. Wurin ya cancanci a je a kashe kwarkwatar ido. Abin da ke damuna shi ne yadda na sha ganin mutum ya kashe kuɗi ya je, ya dawo da gajiya da waya cike da hotuna, amma idan aka tambaye shi abin da ya gani sai ya rasa ta cewa. Galibin abin da ke jawo haka shi ne baƙo yana tsara tafiyarsa a kan agogonsa, alhali kuwa a Wayanad hanya da ruwan sama da dawa ne suke yanke abin da zai yiwu a kowace rana.

Kuskuren da kusan kowa ke farawa da shi shi ne raina nisa. A taswira gundumar ƙarama ce, domin faɗinta bai wuce kimanin murabba'in kilomita 2,130 ba, sai mutum ya jera wurare bakwai ko takwas ya ce zai gama da su kafin magariba. Wanda ya saba da miƙaƙƙiyar hanya irin ta Kano zuwa Zariya ba zai gane abin da kilomita talatin ke nufi a kan tudu ba, sai ya shiga. Hanyoyin sirara ne masu yawan kwana, suna ratsa ƙauyuka da gonaki, kuma babu jirgin ƙasa a cikin gundumar baki ɗaya. Wanda ya taso daga Kozhikode, inda tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama suke, sai ya haura mashigin Thamarassery mai manyan kwanoni tara, inda babbar mota ɗaya idan ta lalace take iya tsayar da kowa na tsawon sa'o'i. Gyaran wannan ba shi da wahala. Manyan garuruwan gundumar uku ne, wato Kalpetta wadda ita ce hedikwata, da Sultan Bathery a gabas, da Mananthavady a arewa, kuma kowanne yana da wuraren da ke kusa da shi. A ba wa kowane ɓangare yini guda: tsaunin Chembra da tafkin Pookode da madatsar ruwa ta Banasura Sagar daga Kalpetta; kogon Edakkal da dajin Muthanga daga Sultan Bathery; tsibirin Kuruva da Tholpetty da Thirunelli daga Mananthavady. Mai kwana biyu ya ga ɓangare biyu ya bar ɗaya, ya fi masa alheri da ya wuni a cikin mota.

Masu tasowa daga Maisur ko Bangalor suna da nasu tarkon daban. Babbar hanyar da ke zuwa Sultan Bathery tana ratsa gandun dajin Bandipur, kuma tun shekarar 2009 ake rufe ta daga ƙarfe tara na dare zuwa shida na safe domin kare namun daji daga motoci. Wanda ya ce zai yi tafiyar dare don ya ci ribar lokaci, a bakin shinge zai kwana, ko kuma ya yi dogon zagaye.

Babban kuskure kuwa, wanda yake iya kaiwa ga asarar rai, shi ne ɗaukar daminar Wayanad kamar tamu. Mu a Arewa mun san hadari ya haɗu, ya zubar da ruwa na awa ɗaya ko biyu, gari ya washe, kowa ya fita harkarsa. A can kuwa daga watan Yuni zuwa Satumba ruwa yana iya sauka kamar da bakin ƙwarya kwana da kwanaki ba tare da ya ɗauke ba, kuma yankin Lakkidi da ke bakin mashigin yana cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Kerala. Hotunan da ake gani na hazo ya lulluɓe gonakin shayi suna jan hankali, farashin masauki kuma yana sauka a wannan lokaci, shi ya sa wasu ke zaɓarsa. Sai dai ƙasar tudu idan ta sha ruwa ta ƙoshi, sakin jiki take yi. A watan Agustan 2019 ƙasa ta zaftare a Puthumala, sannan a daren 30 ga Yuli, 2024 wata zaftarewar da ta fi ta muni ta binne ƙauyukan Mundakkai da Chooralmala da ke yankin Meppadi, inda fiye da mutum 200 suka rasu. Wannan yanki ne da baƙi ke kwana a cikinsa, kusa da Chembra da magangarar ruwa ta Soochipara. Ban kawo wannan don in hana kowa zuwa ba, na kawo shi ne don a ɗauki gargaɗin hukuma da muhimmanci. Hukumar hasashen yanayi ta Indiya tana fitar da gargaɗi mai launi, rawaya da ruwan lemo da ja, kuma idan abin ya tsananta mahukuntan gunduma suna rufe wuraren yawon buɗe ido. Wanda yake da zaɓi ya je tsakanin ƙarshen Oktoba da Fabrairu. Wanda kuma dole sai da damina zai samu dama, ya nemi masauki a cikin gari maimakon wanda aka rataya a gefen tsauni, ya duba gargaɗin kowace safiya, kada kuma ya shiga rafi ko ƙarƙashin magangarar ruwa don ya ga sama ta yi haske a inda yake tsaye, domin ruwan da zai tafi da shi a can saman tsauni yake sauka.

Ko bayan damina akwai ƙaramin abu da ke ɓata wa baƙi rana, wato matsattsaku. Ni kaina na koyi wannan ne a wata gonar kofi, inda na bi ta cikin jiƙaƙƙen ciyayi da silifa. Ban ji komai ba sai da na zauna zan yi alwala na ga jini yana bin diddigena, ga wani abu baƙi ya kumbura ya maƙale a tsakanin yatsuna. Mai gonar bai ko ɗaga murya ba, ya ɗebo gishiri a tafin hannunsa ya barbaɗa masa, nan take ya saki ya faɗi, amma jinin ya daɗe bai tsaya ba. Rufaffen takalmi da doguwar safa da aka cusa ƙafar wando a cikinta sun isa su raba mutum da wannan.

Kogon Edakkal shi ne wurin da na fi jin takaicin yadda ake ziyartarsa. Yana kan tsaunin Ambukuthi, a tsayin kimanin mita 1,200, kuma a haƙiƙa ba kogo ba ne irin wanda muka sani: tsaga ce tsakanin manyan duwatsu, wani ƙaton dutse ya faɗo ya maƙale a sama ya zama rufi, abin da sunan ke nufi ke nan a harshen Malayalam, dutsen da ke tsakani. A jikin bangon akwai zane-zanen da aka sassaƙa na mutane masu ado a ka, da dabbobi, da alamomi masu kama da ƙafar keke, waɗanda masana ke ganin mafi tsufa a cikinsu sun kai dubban shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wani jami'in 'yan sanda Bature mai suna Fred Fawcett ne ya ci karo da wurin a shekarun 1890 ya sanar da duniya, ko da yake mazauna yankin sun riga sun san da shi. Abin da baƙi ke yi shi ne su iso da tsakar rana, su hau matakalan suna haki cikin cunkoso, su ɗauki hoto a bakin tsagar, su juya su sauko ba tare da sun tsaya gaban bangon na minti biyar ba. Zanen ba ya bayyana ga mai gaggawa. Sai ido ya saba da duhun wurin sannan layukan da suke kamar karce suke fara rabuwa, a ga hannu a ɗage, a ga fuska, a ga dabba. Saboda haka a je da sassafe, domin ana ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana, a kuma sani cewa ba a buɗewa ranar Litinin. Hawan yana da wuya ga dattijo ko wanda bai gama murmurewa daga aikin tiyata ba, kuma wannan magana ce da ya kamata masu rakiyar majinyata su auna da kyau. Taɓa zanen da hannu yana cinye shi a hankali, kuma babu mai iya mayar da shi. Kafin a hau ko bayan an sauko, gidan adana kayan tarihi na Ambalavayal yana nan kusa, kuma abin da ke cikinsa na sassaƙaƙƙun duwatsu da kayan farauta da na noma yana taimaka wa mutum ya fahimci abin da ya gani a sama.

Haka batun Chembra yake, tsaunin da ya kai kimanin mita 2,100, mai ƙaramin tafki a jikinsa wanda ya yi siffar zuciya. Sai da izinin ma'aikatan gandun daji ake hawa, adadin masu hawa ƙayyadadde ne, kuma a bakin tafkin ake tsayawa. Wanda ya tsaya karin kumallo mai nauyi zai tarar an gama rabon izini.

Game da namun daji, kuskuren iri biyu ne, kuma suna kishiyantar juna. Wasu suna shiga Muthanga ko Tholpetty, sassa biyu na gandun namun dajin Wayanad da aka kafa a 1973, da tunanin gidan zu ne, idan ba su ga damisa ba sai su ce an cuce su. Dawa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Abin da aka fi gani shi ne barewa da ɓauna da dawisu da birai, giwa kuma idan an yi sa'a, musamman a zagayen safiya. Akan kuma rufe gandun a tsakiyar rani saboda gobarar daji, kamar yadda akan rufe tsibirin Kuruva idan kogin Kabini ya cika, don haka a tambaya kafin a kama hanya. Wasu kuma idan suka ga giwa a gefen titi sai su fito daga mota da waya a hannu. Wannan ganganci ne. A watan Fabrairun 2024 giwaye sun kashe mutane a yankin Mananthavady, kuma waɗanda abin ya rutsa da su 'yan ƙasa ne da suka san dajin fiye da kowane baƙo. A zauna cikin mota, kada a danna oda, kada a jefa wa birai abinci.

Akwai kuma waɗanda suke kallon ganye da ruwa kawai, su manta cewa wurin yana da mutane da tarihi. Sunan Sultan Bathery kansa labari ne: garin a da Ganapathivattom ake kiransa, sai sojojin Tipu Sultan na Maisur suka mayar da wani tsohon wurin ibadar mabiya addinin Jain ma'ajiyar makamai, daga nan Turawa suka laƙaba masa sunan da ya bi shi har yau, wato ma'ajiyar makaman Sultan. Ginin dutsen yana nan a cikin gari, ana danganta shi da ƙarni na 13, kuma rabin awa ya isa a zagaya shi. A Mananthavady kuwa akwai kabarin Pazhassi Raja, basaraken da ya yaƙi kamfanin Turawan Ingila daga cikin waɗannan dazuzzuka tare da maharban ƙabilar Kurichiya masu kwari da baka, har ya rasu a ranar 30 ga Nuwamba, 1805. Duk wanda ya taso yana jin labarin Sarkin Musulmi Attahiru da Burmi zai tsaya a gaban wannan kabari da wani irin ji a ransa.

Jikokin waɗannan maharba suna nan da ransu, tare da Paniya da Kuruma da Kattunaikkan da sauran ƙabilun asali, kuma Wayanad ce ta fi kowace gunduma a Kerala yawansu. Ɗaukar hotonsu ba tare da izini ba, ko kutsawa cikin unguwanninsu kamar an shiga kasuwa, rashin ɗa'a ne, kuma mu da muka san ciwon a riƙa kallonmu kamar abin mamaki a ƙasar wasu bai kamata mu aikata shi ba. Wanda yake son sanin rayuwarsu ya je ƙauyen al'adu na En Ooru da ke kusa da Pookode, inda su da kansu suke nuna sana'o'insu suna sayar da kayansu. Haka nan a wuraren ibadar Hindu irin na Thirunelli, inda mutane ke zuwa yin al'adun tunawa da mamatansu a bakin rafin Papanasini, a tuna cewa da yawa daga cikin irin waɗannan wurare a Kerala ba sa barin wanda ba mabiyin addinin ba ya shiga ciki. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, saboda haka ya tambaya daga ƙofa, ya cire takalmi inda aka ce a cire, ya tsaya inda aka tsayar da shi.

Wasu kuma sukan cika jaka da garin kwaki da gwangwanaye saboda tsoron rashin abincin halal da wurin salla, alhali fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen gundumar Musulmi ne. Akwai masallatai a kowane babban gari da ƙauyuka da dama, har da tsofaffi irin na Varambetta da kuma na Korome wanda aka gina da salon ginin gargajiya na Kerala mai yawan aikin katako, kuma gidajen abincin Musulmi suna dafa shinkafa da nama da kifi da kaza yadda harshenmu zai karɓa. Abin da ya fi cancantar a ba shi wuri a cikin jakar shi ne fasfo da takardar biza, domin kowane masauki sai ya yi wa baƙon ƙasar waje rajista, kuma a wuraren da ke ƙarƙashin ma'aikatar gandun daji kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa, akan kuma nemi shaida a wurin sayen tikiti.